ZIYARA A COMPUTER VILLAGE: Inda editocinmu ke zuba kuɗin guminsu

Mai karatu, in hirar fim ta ɓarke a majalisa ko a tsakar gida, sunan jarumi da jaruma ake fara kamawa, sai mawaƙi, sai kuma darakta in an yi nisa. Da wuya ka ji an ambaci edita, balle a zo ga akwatin nan da yake zaune a gabansa dare da rana. Alhali duk fim ɗin da ka taɓa kallo, a Arewa24 ne ko a YouTube, sai da ya kwana ya yini a cikin wata kwamfuta kafin ya iso gabanka. In ta yi gardama, ranar da aka yi maka alkawarin kashi na gaba sai ka ji tsit, washegari a fito ana ba 'yan kallo haƙuri wai an samu matsalar na'ura. Kuma sau da yawa gaskiya ce tsagwaronta.

Tun da harka ta koma ta finafinai masu dogon zango, irin su Izzar So da Labarina da suka fara fitowa a 2020, aikin edita ya ninka. A da fim ɗaya ake tacewa, a kai Ƙofar Wambai, a huta. Yanzu kowane mako sai an fitar da sabon kashi, 'yan kallo kuma ba sa jin uzuri. Shi ya sa zancen wace kwamfuta za a saya ya zama zancen tuwo a situdiyoyin Zoo Road. Da wani edita abokina ya ce zai tafi Legas ya sayo sabuwa da kuɗin da ya fi shekara yana tarawa, sai na ce ƙafata ƙafarka. Ga abin da idona ya gane mini a kasuwar kayan kwamfuta da ta fi kowace suna a ƙasar nan, wato Computer Village ta Ikeja, wadda 'yan gari ke kira Otigba.

DAGA SABON GARI ZUWA AGEGE

Mai hali jirgi yake hawa daga filin Malam Aminu Kano, cikin awa ɗaya da rabi ya sauka a filin Murtala Muhammed, wanda shi ma a Ikeja yake. Mu dai doguwar bas muka shiga a Sabon Gari, muka bi ta Zariya, Kaduna, Abuja, Lakwaja, muka gangara ƙasar Yarabawa. Tafiyar ta haura kilomita 1,000, kuma sai an kwana a hanya. Abokina ya ce kuɗin jirgin mutum biyu ai ya sayi wani abu a cikin kwamfutar, na ce haka ne.

A Agege muka sauka. Duk Bahaushen da ya san Legas ya san Agege, domin cinikin goro da hanyar jirgin ƙasa sun zaunar da mutanenmu a can tun kaka da kakanni. Ga masallaci, ga mai shayi, ga mai tsire, ga Hausa rangaɗau a bakin yaran da ba su taɓa taka Kano ba. In ba don motocin danfo masu ruwan ɗorawa da gumin da ke tsatsafo maka tun asuba ba, sai ka rantse a Fagge kake.

Da safe muka kama jirgin ƙasan nan na cikin gari, Red Line, wanda ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024. Daga Agege, tasha ta gaba ita ce Ikeja. Da kati ake biya, Cowry sunansa. Kada ka sa ran samun ɗan acaba a bakin tasha, domin tun 2020 gwamnatin jihar ta hana su aiki a Ikeja. Da ƙafa ake ƙarasawa, kuma ba nisa. Shawara ɗaya ga mai niyyar zuwa: ranar Lahadi galibin shaguna a rufe suke, ranar Alhamis kuma sai an gama sharar kasuwa wajen ƙarfe 10 na safe ake buɗewa.

UNGUWAR DA TA RIKIƊE TA KOMA KASUWA

Wanda bai taɓa zuwa ba zai zaci wani katafaren gini ne mai ƙofa ɗaya. Ko kaɗan. Unguwa ce sukutum ta gidajen kwana da ofisoshi, wadda masu sayar da kwamfuta suka fara kama shaguna a cikinta a shekarun 1990. Da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001 sai abin ya bunƙasa, ɗakunan kwana suka koma shaguna, baranda ta koma wurin gyara, ƙarƙashin matakala ma haya ake biya. Titunan su ne Otigba, Pepple, Ola Ayeni, Oremeji, Adepele da Kodesoh, sai babban titin Simbiat Abiola da tsofaffin 'yan gari ke kira Medical Road. 'Yan kasuwar suna da ƙungiyarsu mai suna CAPDAN.

Tun kafin ka sa ƙafa a ciki samari za su yi maka caa, suna tambayarka da turancin buroka me za ka saya, me za ka sayar, me za ka gyara. Wani ya riƙe maka hannun riga, wani ya kira ka Alhaji ko da ba ka taɓa zuwa ko Jidda ba. Yawancinsu 'yan kamasho ne, ba su da shago. In ka bi su, ladansu a kan kuɗinka zai hau. Ga ƙarar janareto ta ko'ina, ga lasifika, ga masu turo kwalaye a baro suna ihun a ba su hanya. Labarin nan da aka daɗe ana yi, na wanda ya sayi waya a bakin titi ya je gida ya tarar da teba a cikin kwali, har yanzu ana ba baƙi shi don su shiga taitayinsu.

To amma fa kada wannan ya sa ka yi wa kasuwar kuɗin goro. Ka haura bene, ka shiga shagon da ke da suna a jikin rasit, za ka tarar da mutanen da suka san aikinsu ciki da bai. Shagon da muka nufa na wani Ibo ne da ya tashi a Sabon Garin Kano. Da ya ji Hausa a bakinmu sai ya miƙe yana cewa, "Malam, sannunku da hanya! Yaya mutanen Kano? Aikin gem za a yi da ita ko aikin fim?" Abokina ya dube ni ya yi murmushi. Daga baya ya ce mini duk mai shagon da bai yi maka wannan tambayar ba, kuɗinka kawai yake so.

ME YA SA TSOHUWAR TA GAZA?

Bari in ɗan koma baya don ƙannenmu da ba su riski zamanin kaset ba. Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin bidiyo na farko a masana'antar nan, a 1990 ya fito, a kaset na VHS. Da aka shiga shekarun 2000 sai ƙaramin kaset na MiniDV ya yi tashe, ana juye shi cikin kwamfuta ta wayar FireWire, a tace da Adobe Premiere ko Pinnacle. Kaset ɗin minti 60 giga 13 yake ci. In an gama a matse fim ɗin a faifan VCD, wanda hotonsa ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye.

Hoton 4K da ake ɗauka a yau kuwa ɗigo 3840 ne a kwance, 2160 a tsaye. In ka buga lissafi, ya ninka na VCD fiye da sau 80. Kyamarori irin su Sony FX3 da ta fito a 2021, in aka sa su a saiti mai nauyi, awa ɗaya tana cin sama da giga 100. Ka tuna kuma a lokeshin ba sau ɗaya ake ɗaukar fitowa ba. Jaruma ta manta magana, a sake. Mai adaidaita ya danna ham, a sake. Duk wannan tarkacen a kan edita yake ƙarewa.

Kayan ciki huɗu ne ke ɗaukar nauyin. Firosesa shi ne darakta, shi ke ba da umarni. Ƙwaƙwalwar aiki, wadda ake kira ram, kamar faɗin teburin tela ce, in ya yi kaɗan yadi sai ya riƙa zubewa ƙasa. Katin hoto shi ke ɗaukar gyaran launi da duk wani ado da ake ɗora wa hoto. Ma'ajiya kuma ita ce sito. In ɗaya ya gaza, sauran ukun sai su zauna jiransa, hoto ya riƙa tsalle-tsalle a allo, renda da ya kamata a gama kafin la'asar ya kai ka asuba.

SAMARIN GEM DA ABIN DA SUKA SAYA

A shagon muka haɗu da wata al'umma da ban san yawanta ya kai haka ba, wato samarin da ke harhaɗa kwamfuta da hannunsu don buga gem da kuma tsabar sha'awa. Akwatinsu na gilashi ne, fankokin ciki suna walƙiya ja da shuɗi da kore kamar gidan biki. Sun haddace sunayen kaya yadda kai ka haddace 'yan wasan Barcelona. In ɗaya ya sayi sabon abu, sai an taru an buɗe kwalin, a gwada, a yi ta musu.

Abin da ya fi cin hirarsu shi ne katunan hoton kamfanin Nvidia na jerin RTX 50 da aka ƙaddamar a Janairun 2025. Babbansu, RTX 5090, dala 1,999 aka sa masa a Amurka, da ƙwaƙwalwa giga 32. Shi wannan kallonsa kawai ake yi a kwali. Sai 5080 a dala 999, 5070 a dala 549, sai ƙaraminsu 5060 da ya biyo baya a dala 299. Wani saurayi ɗan Agege da ya sayi 5070 ya ce mana ya ji daɗinsa, amma bai kai yadda aka zuzuta ba. Dalili kuwa, ranar ƙaddamarwa shugaban kamfanin, Jensen Huang, ya ce katin zai yi aikin RTX 4090 mai dala 1,599. Da masu gwaji suka duba sai aka gane da dabarar ƙirƙiro ƙarin hotuna ake cike gurbin a cikin gem, asalin ƙarfin bai kama ƙafar 4090 ba. Ga edita, wannan dabarar ba ta ƙara masa komai.

Wanda ya fi shan suka shi ne 5060, saboda giga 8 kawai gare shi. Shi ya sa har yanzu ake neman tsohon RTX 3060 na 2021 mai giga 12 ruwa a jallo. Wasu sun koma wajen AMD, sun sayi RX 9070 XT mai giga 16 da ya fito a Maris 2025 a kan dala 599, kuma bakinsu bai rufu ba wajen yabo. A ɓangaren firosesa, gwarzon samarin shi ne Ryzen 7 9800X3D na ƙarshen 2024. Da yawansu sun ja baya daga manyan firosesan Intel na zubi na 13 da na 14, tun da matsalar daskarewa ta bayyana a 2024, har kamfanin ya fitar da gyara ya kuma ƙara shekara 2 a kan garanti.

Ɗan Agegen nan ya dubi abokina ya ce, "Yaya, in dai kuɗin sun kai, ka ɗauki irin nawa kawai, ba za ka yi nadama ba." Mai shago ya girgiza kai. A nan ne na koyi babban darasin tafiyar.

ABINCIN WANI GUBAR WANI

Mai gem so yake hoto ya yi gudu a allo. Edita so yake na'ura ta kwance ɗaurin da kyamara ta yi wa bidiyo, ta riƙe fayiloli masu nauyi awa goma ba ta gaji ba. Buƙatun ba ɗaya ba ne. Misali, firosesan Intel da lambarsa ta ƙare da harafin F ya fi araha, samarin gem suna son sa. Amma an kashe masa sashen hoto na ciki, kuma a wannan sashen ne ake samun Quick Sync, wanda ke sauƙaƙa wa Premiere da DaVinci Resolve karanta bidiyon kyamara. Edita da ya sayi mai F don rage 'yan kuɗi, ya sayar da abin da ya fi buƙata bai sani ba.

Haka 9800X3D, injina 8 gare shi a ciki, ya dace da gem ƙwarai. Mai renda kullum ya fi amfana da mai injina da yawa, kamar Ryzen 9 9950X mai 16. A jerin RTX 50 ma, abin da ya burge abokina ba fitilu ba ne. Katunan suna iya kwance bidiyo mai cikakken launi, wanda ake kira 4:2:2, irin wanda sababbin kyamarori ke ɗauka, abin da na baya ba sa yi da kansu. Don haka ya tsallake 5070 ya ɗauki ƙaninsa 5060 Ti mai giga 16. Ya fi araha, ƙwaƙwalwarsa ta fi yawa, wutar da yake ci wat 180 ce.

DALA DA RAM SUN HAƊE WA MAI SAYE KAI

Duk abin da ke kan kantocin nan daga waje ya shigo, da dala aka sayo shi. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Kai da kanka ka yi lissafin abin da ya sami wanda ke tara kuɗin kwamfuta a asusu. A Otigba, kafin mai shago ya faɗa maka farashi sai ya leƙa wayarsa ya ga yadda canji ya kwana.

Ana cikin wannan sai ga wata sabuwa. A ƙarshen 2025 farashin ram ya yi tashin gwauron zabo a duniya baki ɗaya, wasu nau'o'in suka ninka cikin 'yan watanni. Kamfanoni uku ne ke yin mafi yawan ram ɗin duniya, Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu da Micron na Amurka. Manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suka zo da kuɗi buhu-buhu suna kwashe abin da ake ƙerawa. A Disambar 2025 Micron ya sanar zai daina sayar wa ɗaiɗaikun mutane kayansa masu tambarin Crucial gaba ɗaya. Ka ji fa, ciniki tsakanin Amurka da Koriya, amma edita a Zoo Road ne ke rage cefane. Abokina da giga 64 ya taho a ransa, da giga 32 ya tashi, ya bar ramuka biyu a allon kwamfutar sai Allah ya hore.

LANDAN-YUS: A BUƊE IDO

Mafi yawan ƙannenmu masu son shiga harkar tacewa ba sabuwa za su saya ba. Ta hannu za su nema, wadda ake kira Landan-yus ko tokumbo, yawanci kwamfutocin da ofisoshin Turai da Amurka suka sallama. Akwai na kirki a ciki, irin su HP ZBook da Dell Precision, waɗanda dama don aiki mai nauyi aka yi su. Amma ga abubuwan da na ga masana suna dubawa kafin su zaro ko sisi.

Na ɗaya, kada kalmar Core i7 ta ruɗe ka. Tambayi zubi na nawa ne. Akwai i7-4770 na 2013 mai injina 4, akwai i5-12400 na 2022 mai injina 6, kuma ƙaramin sunan ya yi wa babban fintinkau. Na biyu, Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, shi kuma Windows 11 daga zubi na 8 na Intel yake karɓa a hukumance. Tsofaffin da ba su cika sharaɗin ba sun cika kasuwa da araha, kuma araha ba ta ado. Na uku, katin hoto na hannu. Kafin Satumbar 2022 dubban katuna sun yi shekaru suna haƙar kuɗin Ethereum ba dare ba rana, da aka sauya tsarin sai aka zubo su kasuwa. Wani lafiyarsa lau, wani fankarsa ta gaji.

Maganin duk wannan shi ne gwaji a gaban idonka. Akwai ƙananan manhajoji na kyauta: CPU-Z da GPU-Z suna tona asirin ainihin abin da ke ciki, CrystalDiskInfo yana nuna lafiyar ma'ajiya da awannin da ta yi tana aiki, H2testw kuma yana kama filashin da aka yi wa ƙaryar girma. Abokina da nasa bidiyon ya taho a filashi, ya ɗora a Premiere, ya sa renda, muka zauna muna shan ruwan sanyi har minti 30 yana sa hannu a bayan akwatin yana jin zafi. Sannan ya sa aka rubuta lambar kowane kaya a rasit, da kwanakin garanti. Mai shago bai ɓata rai ba. Cewa ya yi, "Malam, irinku nake so, ba ku dawo mini da rigima."

WUTA, ZAFI DA ƘURA

Akwai abin da masu sharhin kwamfuta na ƙasashen waje ba sa lissafawa, mu kuwa da shi muke kwana. RTX 5090 shi kaɗai wat 575 yake ja, kamfanin ma cewa ya yi a haɗa shi da fawa-fak mai wat 1,000. Ƙaramin janareton Tiger da ƙyar zai riƙe katin kawai, ban da sauran kaya. A Afrilun 2024 an mayar da kuɗin wutar 'yan rukunin A naira 225 kowane yunit. A Oktoban shekarar kuma yawancin jihohin Arewa suka shafe sama da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Wanda ke da ƙaramar na'ura da sola ya ci gaba da aiki. Mai ƙatuwa sai da ya riƙa auna fetur da kofi.

Wannan ne ya sa wani ɗan akwati ya shiga ran editoci da dama, wato Mac mini mai M4 da Apple ya fitar a Nuwambar 2024 a kan dala 599, da ram giga 16. Faɗinsa bai kai santimita 13 ba, aljihun babbar riga zai ɗauke shi. Ko ana renda wutar da yake ci ba ta kai wat 100 ba, ƙaramar inbata ta ishe shi, ga shi ba ƙara. Aibinsa shi ne ba a ƙara masa ram bayan an saya, in ya lalace kuma ba kowane mai gyara ke taɓa shi ba. Samarin gem ba sa ko kallonsa. Abokina ya daɗe yana jujjuya shi a hannu, sannan ya ajiye, ya ce shi ya fi son abin da zai iya kwancewa da sukundireba ya canza abin da ya mutu.

Sai zancen yanayi. Legas danshi ke damunta, mu kuwa zafin Afrilu da ke haura digiri 40 da ƙurar hunturu. Akwatin gilashi mai kyan ɗan maciji, in iska ba ta ratsa shi, firosesa da kansa zai rage gudu don kada ya ƙone. Abokina baƙin akwati ya zaɓa mai raga a gaba da matatar ƙura da ake zarewa a wanke. Ba fitila ko ɗaya. Samarin suka yi ta yi masa tsiya wai ya sayi akwatin gawa.

ABIN DA AKA FI MANTAWA

Ga jerin abin da ya ƙulla a ƙarshe: firosesa Core i7-12700 marar F, ram giga 32, katin 5060 Ti, ma'ajiyar NVMe mai tera 1 don aikin yau da kullum, fawa-fak mai suna na wat 650, da UPS mai riƙe wuta 'yan mintuna in an ɗauke. Sai kuma manyan faifan ajiya guda biyu masu tera 4 kowanne. Na ce, "Mutumina, biyu kuma? Ba gara ka ƙara a ram ba?" Ya ce in kwamfuta ta ƙone, bashi zai ci ya sayi wata. In faifai ya mutu da aikin lokeshin na kwana 20 a ciki, wa zai sake tara jaruman, ya sake biyan otal da abinci da motoci? Jarumar ma wataƙila ta yi aure.

Ba wasa yake yi ba. NVMe tana da gudu, mai kyau tana karanta kusan mega 7,000 a daƙiƙa, tsohon faifai mai juyawa kuwa wajen 200 yake yi. Amma gudu daban, amana daban. Kowace ma'ajiya tana iya mutuwa ba sallama. Ƙa'idar masu aikin ita ce kwafi uku: ɗaya a na'urar aiki, ɗaya a faifai na biyu, ɗaya a wani gida daban, saboda gobara da ɓarawo ba sa tambayar wanne ne na ajiya.

KOMAWA GIDA

Da yamma muka naɗe kwalaye da soso da salatif. Katin hoton a kwalinsa aka bar shi, ba a ɗaura shi a jikin allo ba, don ramukan hanyar Okene kada su karya masa mazauni. Masu sayen sari webil suke yi, kaya su riga su isa Kano. Da yawa daga abin da kake gani a Farm Centre da Beirut Road ta wannan hanyar ya biyo, don haka in abu ɗaya ko biyu kake nema, sayen gida ya fi maka, ga mai shago kusa in matsala ta taso. Zuwa Legas sai ga mai babban saye ko mai neman abin da babu a Kano.

Ita kanta kasuwar ba tabbas za ta dawwama a inda take. Tun 2017 gwamnatin Legas ta bayyana shirin mayar da ita Katangowa, can wajen Abule Egba, saboda cunkoso. Har zuwa 2025 dai 'yan kasuwar suna nan Ikeja suna ciniki.

Ga ƙannenmu da ke aiko da wasiƙu suna tambayar yadda za su shiga fim, ga ƙofa nan da ba a cika turereniya a bakinta ba. DaVinci Resolve yana da na kyauta wanda ya isa a koyi aiki da shi har a ci abinci. Laftof ta hannu mai ram giga 16 da SSD ta isa farawa, in ka koyi yin ƙananan kwafi marasa nauyi, wato furoksi, ka tace da su, sai wajen renda ka koma kan na asali. Ka nemi edita a unguwarku ka zauna kusa da shi wata shida kafin ka sayi komai, ranar sayen kuma ka tafi da shi. Kada ka manta da filashinka na gwaji, kada ka bi ɗan kamasho, kuma kada ka fito daga shago ba rasit.

Allah ya sa mu dace. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.